Gyaran Ƙasar Noma da Abin da ke Hannunmu: Jagora ga Manoman Moduganari da Kewayen Maiduguri

Gabatarwa

Duk wanda ya bi lungunan Moduganari da sassafe a watan Afrilu zai ga abu guda a ƙofar gidaje da dama. An share turken tumaki da awaki, an kwashe tokar murhu, an tattara ganyen darbejiya da ɓawon gyaɗa, sannan an kai su bola, ko an tura su cikin magudanar ruwa, ko kuma an cinna musu wuta. Bayan wata biyu, idan ruwan shuka ya sauka, sai ka tarar da maigidan nan a kasuwa yana taya buhun takin zamani da kuɗinsa ba za su kai ba. Abin da gonarsa take nema ya riga ya zubar da rabinsa a bakin ƙofa.

Ya ku manoma da malaman gona, wannan bayani an shirya shi ne domin ku, musamman waɗanda ke zaune cikin gari suna fita noma a bayan gari. Manufarsa ita ce a nuna dalilin da ya sa gonakin kewayen Maiduguri suke gajiya da wuri, da kuma hanyoyin da manomi zai bi ya maido musu da ƙarfi da abin da yake da shi a gida da gona. Ba a ce a daina amfani da takin zamani ba. Abin da ake cewa shi ne, ƙasar da ba ta samun hutu dole ne a riƙa ciyar da ita, kuma takin zamani shi kaɗai ba ya isarta.

Yadda ƙasarmu take

Birnin Maiduguri yana zaune ne a kan wani dogon tudun yashi da masana ke kira Tudun Bama, wanda ya miƙa ta garin Bama har cikin ƙasar Kamaru. Wannan tudu shi ne gaɓar tsohon Tafkin Chadi shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da tafkin ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Saboda haka manomin wannan yanki yakan haɗu da ƙasa iri uku. Akwai jigawa, wato ƙasa mai yashi inda ake gero da wake da gyaɗa. Akwai fadama a bakin kogin Ngadda da kwarin Jere, inda ake shinkafa da lambu. Akwai kuma baƙar laka mai tsagewa da rani, wadda ake kira firgi, can wajen Dikwa da Marte da Ngala, inda ake dasa masakwa. Yawancin abin da za a faɗa a nan ya shafi jigawa ne, domin ita ce gonar yawancin talakawan gari, kuma ita ce ta fi saurin lalacewa.

Yashi kamar rariya yake, ba ya riƙe ruwa kuma ba ya riƙe taki. Abin da ke riƙe su a cikinsa shi ne ruɓin ganyaye da saiwoyi da kashin dabbobi, wanda shi ne ke sa ƙasa ta yi duhu, ta yi laushi, ta kuma yi ƙamshi bayan ruwa. A cikin wannan ruɓi ne ƙananan halittun da ido ba ya gani suke rayuwa, tare da gara da tana, kuma su ne ke narkar da abinci su miƙa wa saiwa. A jigawar yankinmu ruɓin nan bai cika kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙasa ba. Ga shi kuma zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40, yana cinye shi da sauri. Ruwan sama a yawancin shekaru yana tsakanin milimita 500 zuwa 700, kuma kusan duka yana zuba ne daga Yuni zuwa Satumba. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a kan yashin da babu ruɓi, sai ya wanke taki ya nutsar da shi inda saiwar gero ba ta kaiwa. Idan kuma ruwa ya ɗauke na kwana goma, sai shuka ta fara yaushi.

Abin da ya gajiyar da ita

A da, idan gona ta gaji sai manomi ya bar ta ta zama saura na shekaru, ya sari sabon daji. Sabara da kalgo da ciyawa su tsiro, su zubar da ganye, ƙasa ta farfaɗo. Da rani kuma makiyaya, Fulani ko Larabawan Shuwa, sukan sauka a gona da garkensu bisa yarjejeniya da mai gona, su ci kara su bar masa taki, shi kuma ya ba su hatsi.

Waɗannan hanyoyi biyu sun fara raguwa tun bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, sannan rikicin da ya ɓarke a 2009 ya ƙarasa su a kewayen birni. Dubban ɗaruruwan mutane sun yi hijira zuwa Maiduguri, yawancinsu kuma manoma ne. Gonakin nesa sun zama wurin haɗari, kamar yadda kisan manoman shinkafa na Zabarmari a Koshebe cikin Nuwamba 2020 ya nuna. Sai kowa ya dawo kan 'yar ƙasar da ke kusa da gari, ana nomanta shekara bayan shekara babu hutu. An sare itatuwa domin girki, an kwashe kara domin dabbobi da danga. A cikin waɗannan shekaru hukumomin tsaro sun taƙaita safarar wasu nau'o'in takin zamani a Arewa maso Gabas, musamman yuriya, sannan daga 2022 farashin taki ya yi tashin gwauron zabo.

Ku duba lissafin da kyau. Duk damin geron da ya bar gona, da karansa, ya tafi da wani ɓangare na abincin ƙasa. Wani bincike da aka yi wa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fito a 1990, ya ƙiyasta cewa kowace hekta ta gona a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tana asarar kimanin kilo 22 na naitirojin, da kilo 2.5 na fosfaros, da kilo 15 na fotash a kowace shekara. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Wato kamar ana zare buhun yuriya guda ne daga kowace hekta duk shekara ba a mayarwa. Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, komai girmansa wata rana sai an ga gindinsa. Alamomin haka kun san su: ƙasa ta yi fari, gero ya tsaya gajere da jan ganye ko rawaya, wuta-wuta ta yawaita, kuma buhun takin da a da yake ba da amfani mai yawa yanzu ba a ganin aikinsa.

Mataki na farko: mayar da takin gari zuwa gona

Hatsi da harawa da itacen da ke shigowa Maiduguri kullum daga gonaki suka fito, kuma abin da ya rage bayan mutane da dabbobi sun ci yana nan cikin gari. Mutanen karkarar Kano sun daɗe da gane wannan. A ƙauyukan da ke kewaye da birnin an yi zuriya bayan zuriya ana noma gona ɗaya duk shekara ba tare da an bar ta saura ba. Masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya bi diddigin wannan tsari tun daga shekarun 1960. Jakuna sukan shiga birni da itace da amfanin gona, su fito da mangalar taki. A gida kuma ana ɗaure tumaki da awaki, ana ciyar da su harawar wake da gyaɗa, ana tara kashinsu a kai gona kafin damina. Babu abin da zai hana Moduganari ta yi wa gonakinta haka.

Abubuwan da suka dace a tara su ne kashin tumaki da awaki da shanu da kaji, da ragowar harawa da dusa, da tokar itace, da ganyen itatuwa, da ɓawon gyaɗa da na wake, da ragowar kayan miya. Ana samun kashin dabbobi da yawa a wuraren masu kiwon ragunan layya da kuma Kasuwar Shanu. Ƙaiƙayin shinkafa ma yana da amfani, sai dai yana jinkirin ruɓewa, don haka ya fi kyau a fara shimfiɗa shi a turke.

A nan akwai abin da manoma da yawa ba su lura da shi ba. Kaso mai yawa na naitirojin da fotash ɗin da dabba ke fitarwa yana cikin fitsarinta ne. Idan turke ƙasa ce tsirara, fitsarin yakan nutse ko ya bi iska. Ku riƙa shimfiɗa yankakken kara, ko ƙaiƙayi, ko busasshen ganye a ƙarƙashin dabbobi domin ya tsotse shi, ku kwashe duk mako biyu ku sa sabo.

Ga yadda ake ruɓar da takin:

1. A haƙa rami a inuwa, tsawon mita 2, faɗin mita 1.5, zurfin mita 1. Wanda ba shi da fili a gida ya tara kayan a buhuna a inuwa, ya haƙa ramin a gona.
2. A fara da busasshen kara ko ganye, kaurin kamu ɗaya.
3. A bi da kashin dabbobi, kaurin rabin kamu.
4. A barbaɗa toka kaɗan da ƙasar gona kaɗan. Kada toka ta yi yawa a kan ɗanyen kashi, domin tana korar naitirojin.
5. A yayyafa ruwa har kayan su jiƙa, amma ba su yi sharkaf ba. Idan an damƙa a hannu ya dunƙule ba tare da ruwa ya zuba ba, ya yi daidai.
6. A maimaita haka har ramin ya cika, a rufe da ciyawa ko tsohuwar tabarma.
7. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu a zare a taɓa. Idan ta yi zafi aiki yana tafiya, idan ta yi sanyi kuma a bushe, a ƙara ruwa.
8. A juya kayan duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku takin zai yi baƙi, ya yi laushi, warinsa ya koma na ƙasa.

Zafin da ramin ke yi yana kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta, abin da ɗanyen kashi ba ya samu. Ɗanyen kashin kaji kuwa yana iya ƙone shuka.

A yi hattara da takin bola. Bolar yau ba irin ta kakanninmu ba ce. Kafin a ɗauka a tsince leda da roba da kwalba da gwangwani, musamman tsofaffin batura, domin suna ɗauke da guba mai daɗewa a ƙasa wadda ke iya shiga ganyen da ake ci. Leda tana hana saiwa tafiya, tana kuma kashe dabbar da ta haɗiye ta. Kada a kusanci sharar asibiti, ko ta garejin makanikai, ko ɗanyen bayan gida. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba shara tun daga gida, buhu ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na wanda ba ya ruɓewa. Wannan aiki yawanci a hannun iyaye mata yake, saboda haka duk malamin gonan da bai sa su cikin bayaninsa ba ya bar rabin aikin a baya. Kuɗin dako kuwa yana sauƙi idan maƙwabta biyar ko shida masu gonaki a hanya ɗaya suka haɗa kuɗi suka ɗauki amalanke ko a-kori-kura.

Kada a baza taki a gona tun watan Maris rana ta gasa shi iska ta kwashe. A tara shi tsibi-tsibi a rufe da ƙasa, sai dab da ruwan shuka a sa shi a binne. Idan takin ba shi da yawa, kada a watsa shi ko'ina. A zuba cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane ramin shuka. In har bai isa gona duka ba, a raba gonar kashi uku, a ba kashi ɗaya bana, na biyu baɗi, na uku shekara mai bi mata, domin amfanin takin gida yana kai shekara biyu zuwa uku a ƙasa.

Mataki na biyu: a bar wa gona mayafinta

Daga Nuwamba zuwa Mayu gonar da aka share tas tana kwance tsirara. Iskar hunturu da guguwar farkon damina suna kwashe lallausar ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka, su bar tsakuwa da yashi. Yashin da guguwa ke korawa kuma yana yanka ƙananan tsiron gero ko ya binne su, dole a sake shuka.

Gwaje-gwajen cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa barin kimanin tan 2 na karan gero a kwance a hekta ɗaya yana rage tafiyar yashi ƙwarai, yana kuma ƙara amfani. Karan yana tare ƙurar hunturu, wadda ke ɗauke da fotash da wasu sinadarai, yana rage zafin ƙasa, sannan gara ta ci shi ta buɗe ƙofofin da ruwa zai shiga. Ku sani kuma mafi yawan fotash ɗin da gero ya sha yana cikin karansa ne, ba cikin tsaba ba.

An san cewa kara kuɗi ne a Maiduguri, kuma wanda aka bari a gona wani na iya kwashewa. Abin da zai yiwu shi ne a raba. A zage karmami da saman kara domin dabbobi, a yanke daga tsayin gwiwa, a bar gindin a tsaye da saiwarsa. Abin da dabbobi suka rage a turke ya koma ramin taki. Ƙona gona kuwa a daina shi, domin wuta tana tura naitirojin sama, toka kaɗai take bari, ita ma iska ta ɗauke. Inda tsutsar kara ta yi ɓarna a damina, a fitar da karan da ya kamu a ruɓar da shi a rami kafin sabon ruwa.

Mataki na uku: itatuwan da ke cikin gona

A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa duk shekara suna da rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Maimakon dasa sabbin itatuwan da yawancinsu ke mutuwa, sai aka koma renon tohon kututture. Manoman can suka sa wa hanyar suna sassaben zamani. Bayan kimanin shekara ashirin an ƙiyasta cewa ta maido da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, inda ruwan sama bai fi namu ba.

Yadda ake yi ba wuya. Lokacin sharar gona a zaɓi kututturan gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa ko dakwara. A kowane kututture a bar toho uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama, a rage rassan ƙasa har rabin tsayi. A ɗaura ƙyalle domin a san mai shi yana so. A fara da 20 zuwa 40 a hekta. Abin da aka yanke ya zama itacen girki, ganyen kuma ya zauna a gona.

Gawo ya fi kowanne daraja a gonar gero. Yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ya kuma yi kore da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da 'ya'yansa. Shi dangin wake ne, saiwarsa tana tara naitirojin. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Darbejiya kuwa inuwarta tana danne shuka, wurinta bakin iyaka ne domin tare iska. Ga mai noma a gonar aro ko haya, ya kamata a yi magana da mai gona da bulama tun farko, a san wanda zai amfana da itacen.

Mataki na huɗu: wake da gyaɗa, da yaƙi da wuta-wuta

Idan kun tuge wake mai lafiya za ku ga ƙananan ƙulli a jikin saiwarsa. Ku fasa ɗaya da farce. Idan cikinsa ja ne, to ƙwayoyin halittar da ke ciki suna ɗebo naitirojin daga iska suna ba shuka. Wannan taki ne da ba a saya. Sai dai wake 'yan ƙalilan da aka warwatsa a ƙarƙashin gero ba sa tara abin kirki. Tsarin da masu binciken cibiyar IITA suka gwada a Kano ya fi: layi 2 na hatsi, layi 4 na wake, baɗi kuma a sauya, hatsi ya hau inda wake ya tashi. A lura cewa idan an kwashe harawa duka an sayar, ɗan abin da ya rage wa ƙasa kaɗan ne. Ribar tana cika ne idan dabbobin gida suka ci harawar, takinsu ya dawo.

Wannan sauyi yana taimakawa wajen rage wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Tsiro ɗaya nata yana zubar da iri dubbai masu yawa, kuma irin yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar gero ko dawa. Saiwar gyaɗa da ta waken soya tana sa irin ya tsiro, amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu. An ga amfanin haka a shirin PROSAB da aka gudanar daga 2004 zuwa 2009 a ƙananan hukumomin Biu, Damboa, Hawul da Kwaya Kusar, inda aka riƙa sauya masara da waken soya. A kewayen Maiduguri, inda ruwa bai kai na kudancin jihar ba, gyaɗa da wake masu saurin nuna sun fi dacewa. Wake ma yana da tasa wuta-wutar daban, don haka a nemi irin da ke jure mata. A kowane hali a tuge wuta-wuta kafin ta yi fure, a fitar da ita daga gona a ƙone.

Mataki na biyar: takin zamani kaɗan, a inda ya dace

Jigawarmu tana da ƙarancin fosfaros, kuma takin gida shi kaɗai ba kasafai yake cike wannan giɓi ba. A nan ne takin zamani yake da muhimmanci. Wanda ba shi da kuɗin buhuna da yawa ya bi hanyar da aka gwada a Nijar da Mali da Burkina Faso, wato sa ɗan kaɗan a gindin kowace shuka. Ana ɗibar giram 6 na kamfa, wato NPK 15-15-15, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, a sa a kowane rami lokacin shuka ko bayan tsiro da kwana goma. A sa shi ɗan nesa da iri, kamar faɗin yatsu uku, a rufe da ƙasa, kuma sai ƙasa tana da danshi. Idan tazarar shuka mita 1 ce ta kowane gefe, hekta tana da ramuka 10,000, wato kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Wanda ya samu yuriya ya ƙara kaɗan bayan noman firi, ya binne, domin wadda aka bari a sarari tana bin iska.

Kada a dogara da wannan hanya ita kaɗai shekara da shekaru, domin shukar da ta yi ƙarfi tana ƙara zuƙe abin da ya rage a ƙasa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: takin gida shi ne ke riƙe na zamani har saiwa ta same shi. Haka nan ingantaccen irin gero kamar SOSAT, wanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta yaɗa, ba ya nuna ƙarfinsa sai a ƙasar da aka ciyar.

Fako, lambu da firgi

Inda ƙasa ta daskare ta zama fako, ruwa yana gudu a kanta ba ya shiga, maganinta tassa. Manoman Yatenga a Burkina Faso ne suka farfaɗo da ita, cikinsu har da marigayi Yacouba Sawadogo, kuma a 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar suka je suka gani suka dawo da ita gida. Da rani ake haƙa ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin 15 zuwa 20, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafi biyu, a shuka idan ruwa ya sauka. Tassa ba ta dace da sako-sakon yashi ba, domin iska tana cike ramukan.

Masu lambu a bakin Ngadda su tuna da ambaliyar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa irin wannan yana barin laka mai albarka a wani wuri, a wani wurin kuma yashi da sharar gari. Inda yashi ya rufe fage a haƙa a gauraya shi da ƙasar ƙasa, a ƙara ruɓaɓɓen taki, a fara da wake kafin a koma ganye. A guji ban ruwa da ruwan kwata. Idan an ga farin gishiri a saman fage, a gyara magudana domin ruwa ya wanke shi ya fita. A firgi kuma, gyaran kunyoyin da ke tare ruwan damina shi ne ginshiƙin masakwa, domin da danshin da laka ta sha kaɗai take rayuwa har girbi.

Ga malaman gona

Gani ya kori ji. Maimakon dogon jawabi, ku nemi manomi ɗaya a kowace ƙungiya ya ba da gefen gonarsa da ke bakin hanya. A auna fage huɗu, kowanne mita 10 da mita 10. Na farko a bar shi babu taki, na biyu a sa takin zamani kaɗai, na uku takin gida kaɗai, na huɗu a haɗa biyun. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Ku tara manoma sau uku: bayan tsiro, lokacin da ruwa ya ɗan ɗauke, da ranar girbi. A auna tsaba da kara na kowane fage a gabansu, a ninka sau 100 domin a san na hekta, a rubuta kuɗin da aka kashe. A maimaita a wuri ɗaya shekara uku, domin aikin takin gida yana ƙara fitowa ne a shekara ta biyu da ta uku. Kada ku yi wa manomi alkawarin cewa gonarsa za ta farfaɗo cikin damina ɗaya.

Jadawalin aiki

Oktoba zuwa Nuwamba: a yi girbi, a bar gindin kara, a adana harawa a inuwa.
Disamba zuwa Fabrairu: a tara kayan taki, a shimfiɗa wa dabbobi, a cika rami.
Maris zuwa Afrilu: a juya taki, a gyara tohon kututture, a haƙa tassa a fako.
Mayu zuwa Yuni: a kai taki gona a rufe, a sa a ramin shuka dab da ruwa.
Yuli zuwa Agusta: a sa takin zamani a gindi, a shuka wake, a tuge wuta-wuta.

Kammalawa

Babu wanda ake sa ran zai ɗauki matakan nan duka a shekara ɗaya. Mai tumaki biyu ya fara da shimfiɗa a turke da buhun tara taki. Mai kututture a gona ya bar guda goma bana. Wanda ya saba ƙona kara ya bar gindinsa a tsaye. Ku zaɓi kashi ɗaya cikin uku na gonarku, ku yi masa abin da aka bayyana, ku kwatanta shi da sauran ranar girbi. Domin ƙarin bayani game da iri, ko gwajin ƙasa, ko yawan takin da ya dace da gonarku, sai a tuntuɓi malamin gona mafi kusa, ko ofishin shirin bunƙasa aikin gona na Jihar Borno, ko Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke kan hanyar Gamboru a Maiduguri. Allah Ya ba mu damina mai albarka.